An ɗora mini zaɓen wasan da za mu kalla a Paris, ina tsoron jin kunya

Anti, barka da aiki. A watan Nuwamba mu shida za mu je Paris wani taro daga wurin aiki. Ni ne ƙarami a cikinmu, shi ya sa shugabanmu ya ce ni zan nemo inda za mu fita kallo a daren ƙarshe, ofis kuma zai biya. Duk shafin da na buɗe a intanet kabare, wato gidajen rawa da waƙa na dare, ne a sama, musamman Moulin Rouge, kuma wani abokin aikinmu da ya taɓa zuwa ya dage cewa wanda ya je Paris bai shiga can ba, bai je ba. A cikinmu akwai wata Hajiya da ta yi sa'ar mahaifiyata, ga shugaban namu shi ma mutum ne mai kamun kai. Mutum ɗaya ne kawai yake jin Faransanci. Ina tsoron in zaɓi abin da zai sa mu rasa inda za mu sa fuskarmu, ina kuma tsoron in zaɓi abin da kowa zai yi ta hamma a ce ban iya komai ba. Yaya zan yi?

Ƙaninki da ke cikin ruɗu

Ƙanena, kada ka saya wa mutum shidan nan tikitin Moulin Rouge. Na fara da wannan ne domin ko ka gaji da karatu a tsakiya, ka riga ka ɗauki abin da ya fi muhimmanci.

Ba wai gidan wani ɓoyayyen wurin banza ba ne. Tun 1889 aka buɗe shi a kan titin Boulevard de Clichy, a gindin tudun Montmartre, kuma wasan da suke nunawa yanzu, Féerie, tun ƙarshen 1999 ake yin sa kowane dare. Masu rawar ƙwararru ne da suka sha horo, kayan adonsu na gashin tsuntsu da duwatsu masu ƙyalli an kashe musu dukiya, a tsakanin raye-rayen kuma ana sako masu tsalle-tsalle da masu wasan ban dariya. Sai dai a sassa da yawa na wasan matan suna fitowa ne ƙirji a buɗe. Wannan ba tsautsayi ba ne da zai faru yau gobe ya ƙi faruwa, haka aka tsara wasan. Abokin aikinka ya san da haka tunda ya shiga. Ko dai ya manta ya faɗa maka, ko kuma yana jiran ya ga yadda fuskar shugabanku za ta koma.

Akwai wani abu da ke ruɗar baƙi a nan, ka kula da shi a duk inda za ka zaɓa. Moulin Rouge yana karɓar yara daga shekara 6 idan suna tare da manya. Mutum ya ga haka a shafinsu sai ya ce ai shi ke nan, tunda yara na shiga babu komai a ciki. Ma'aunin Faransawa kan abin da ya dace ido ya gani daban yake da na Hajiyar da kake magana, saboda haka iyakar shekarun da aka rubuta ba za ta amsa maka tambayarka ba.

Zaman ma kansa ba ya ba da damar sulalewa. A kan tebura ake zama, a matse, sau da yawa tare da baƙin da ba ku sani ba, kuma ba kai ke zaɓar teburin ba, ma'aikacin da ke tarbar mutane a ƙofa shi ke zaunar da ku. Idan wasa ya fara aka rage fitilu, wanda ya ga ba zai iya ba sai ya tayar da mutum biyar kafin ya kai ƙofa. Yawancin tikitocin kuma a haɗe suke da rabin kwalbar giyar shamfen ga kowane mutum. Ana iya neman a musanya da lemo, amma ka tuna kuɗin ofis ne, kuma rasit zai koma hannun akawu da abin da aka rubuta a jikinsa. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne: wajen yuro 100 ko fiye ga mutum ɗaya don kallo kawai, idan da abincin dare ya ninka.

Sauran manyan gidajen da za ka ci karo da su ba su canza lissafin ba. Crazy Horse, da aka buɗe a 1951 a titin George V, ya ma fi wancan tsiraici, a kansa aka gina wasan gaba ɗaya. Paradis Latin, wanda Gustave Eiffel ya sake gina zaurensa a 1889, shi ma irin salon Moulin Rouge ne. Lido na titin Champs-Élysées kuwa, da ya shahara da irin wannan rawa tun 1946, ya daina ta a 2022 ya koma gidan wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe, don haka tsofaffin bayanan da za ka karanta a kansa sun daina aiki. Akwai kuma wani nau'in kabaren dabam, irin na Au Lapin Agile da ke saman Montmartre: ɗan ƙaramin ɗaki, benci na katako, mawaƙa da fiyano, ana rera tsofaffin waƙoƙin Faransa 'yan kallo na amshi. Can babu abin kawar da kai, amma wanda ba ya jin harshen zai zauna ne kawai yana kallon wasu suna nishaɗi.

Dalilin da ya sa waɗannan gidaje ke fitowa a saman kowane shafi ba boyayye ba ne. Tikitinsu na da tsada, kullum suna wasa, kuma masu shafukan yawon buɗe ido suna samun la'ada a kan duk tikitin da aka saya ta hannunsu. Jerin da kake gani jerin abin da ya fi kawo musu riba ne.

Yanzu ga tsoronka na biyu, na hamma, wanda a ganina shi ne ya fi buƙatar tunani. Mutum biyar cikin shida ba sa jin Faransanci, saboda haka duk wasan da daɗinsa ke cikin magana ka cire shi, komai sunansa. Comédie-Française tun 1680 take, zamanin Sarki Louis na 14, babu ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo a ƙasar da ta kai ta daraja, amma awa biyu ne ko fiye na Faransanci zalla, wani lokaci ma na ƙarni na 17 mai baitoci. Haka ɗan ƙaramin gidan nan Théâtre de la Huchette, da ke nuna wasannin Eugène Ionesco guda biyu tun 1957: abin alfahari ne, amma dariyar wasan daga juya magana take fitowa. Wasu gidajen kan haska fassarar Turanci a allo a saman dandamali a wasu ranaku. Yana taimakawa, sai dai ido na sama yana karatu, ɗan wasa na ƙasa yana aikinsa, kuma masu jin harshen sun gama dariya kafin naka layin ya fito. Bayan wuni guda a zauren taro, ba na jin mutanenka za su gode maka da ƙarin karatu.

Abin da ya rage shi ne wasan da ido da kunne ke fahimta ba tare da tafinta ba, kuma a nan Paris ba ta da rowa.

Da ni ce, Palais Garnier zan fara dubawa, tsohon gidan opera (wasan kwaikwayon da ake rera zancensa da waƙa) da aka buɗe a 1875, mai ɗaukar mutum kusan 2,000. Yawanci rawar bale ake yi a can, wato rawar Turawa da kiɗa, ba magana. Dalilina shi ne ko da wani bai ji daɗin rawar ba, ginin ya biya shi: matakalar marmara ta shiga, doguwar farfajiya mai ruwan zinare da ake yawo a cikinta lokacin hutun tsakiya, da rufin zauren da Marc Chagall ya zana a 1964. Mutum zai koma masauki yana jin lallai ya je wani wuri. Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu, kayan masu rawar bale matsattsu ne, na mata sau da yawa gajeru, kuma namiji kan ɗaga mace sama a cikin rawar. Ba tsiraici ba ne, ba kuma shigar mutunci ba ce a idon kowa. Kai ka san mutanenka. Sannan ka bambanta tsohuwar rawa mai labari, irin wadda aka gada daga ƙarni na 19, da sabbin raye-rayen zamani. A cikin sabbin ne, da kuma sabbin wasannin kwaikwayo na manyan gidajen gwamnati, mutum kan yi karo da tsiraicin da bai zata ba. Kabare aƙalla kowa ya san abin da ke cikinsa. Wasan da aka yi wa ado da sunan fasahar zamani shi ne ke zuwa ba sallama.

Idan ba ka samu wuri a Garnier ba, ko ka ga rawar ba za ta karɓu ba, tafiyarku ta faɗo daidai lokacin Cirque d'Hiver. Wannan zaure ne mai siffar da'ira da aka buɗe a 1852, iyalin Bouglione ke riƙe da shi tun 1934, kuma wasansu na shekara kan fara a kaka ya ratsa hunturu. Masu lilo ne a can ƙololuwa, masu tafiya kan igiya, masu jefa abubuwa suna cafewa, masu barkwanci da jiki, ga makaɗa suna bugawa kai tsaye. Iyalai ne ke cika wurin. Na san za ka ce kada a raina ka, a ce ka kai shugaba wasan yara. Babba ma yakan riƙe numfashi idan mutum ya saki lilo a sama yana jiran wani ya cafke shi, kuma shi ne irin wasan da za a fito ana ta hirarsa a hanya. A nan ma akwai 'yan mata masu rawa tsakanin wasanni da kaya irin na dandamali, don haka kallon bidiyon tallarsu kafin saye bai faɗi ba.

Opera kuwa, wadda aka fi yi a Opéra Bastille da aka buɗe a 1989, tana da fassara a allo da Faransanci da Turanci, amma takan kai awa uku ko ta wuce. Ban ba ka shawarar ta ga waɗanda ba su taɓa zama mata ba. Wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe ya fi sauƙin shiga, kuma Théâtre du Châtelet da Lido na yanzu sukan kawo waɗanda ake yi da Turanci. Ka duba da wane harshe ake yin wanda ya faɗo a ranakunku, ka kuma karanta labarinsa, domin wasu daga cikin shahararrun ma a gidajen rawa labarinsu ke faruwa. Idan kuma so kake ka kauce wa zancen sutura gaba ɗaya, kiɗan taron makaɗa a Philharmonie de Paris, da aka buɗe a 2015, ba shi da abin zargi ko kaɗan. Haɗarinsa ɗaya ne, wanda ya gaji zai iya yin gyangyaɗi.

Duk wanda ka karkata gare shi, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka shiga shafin gidan wasan kansa, ka kalli ɗan bidiyon da suka saka na wannan wasan, ba na bara ba. Ka nemi layin gargaɗi da sukan rubuta a ƙasan bayanin. In ba ka gamsu ba, ka sa abokin aikinku mai jin Faransanci ya aika musu saƙo da tambaya uku: akwai tsiraici a ciki, da wane harshe ake yi, kuma ƙarfe nawa ake tashi. Masu sayar da tikiti sun saba da irin wannan tambaya, ba wanda zai ɗauke ka baƙauye. Mujallar L'Officiel des spectacles, da ke fitowa kowace Laraba tun 1946, tana jera abin da ake nunawa a birnin, kuma tana da shafi a intanet. Ta fi shafukan 'yan la'ada nuna maka faɗin abin da ke akwai.

Wajen saye ma a shafin gidan za ka saya. Idan ka rubuta sunan wasa a manhajar bincike, sakamakon farko sau da yawa talla ce ta masu sake sayarwa, da shafi mai kama da na gaskiya da farashi mai ninki. Tun 2012 dokar Faransa ta hana mai da sake sayar da tikiti sana'a ba da izinin mai wasan ba, tararta ta kai yuro 15,000, amma shafukan da ke zaune a wajen ƙasar ba su daina ba, kuma wanda ya saya shi ke tsayawa a ƙofa idan na'ura ta ƙi karɓar tikitin. Ka kuma sani cewa damar fasa ciniki cikin kwana 14 da dokar Turai ta ba mai saye ta intanet ba ta shafi tikitin da ke da ƙayyadaddiyar rana ba. Ka biya, ka biya ke nan. Saboda haka ka tabbatar da rana da adadin mutane kafin ka danna.

Kujera ma tana da nata tarko, musamman a tsofaffin zauruka irin Garnier da aka gina da siffar kofaton doki. Tikitin da ka ga ya yi araha fiye da kima, duba da kyau, za ka ga an rubuta visibilité réduite, wato ginshiƙi ko kwana zai tare maka wani sashe na dandamali. Akwai ma waɗanda ba a ganin komai daga cikinsu sai dai a ji kiɗa. A ƙananan ɗakunan gefe, na layin gaba ne ke kallo, na baya leƙe yake yi ta kafaɗar wani. Akwai kuma strapontin, 'yar kujerar naɗewa da ke maƙale a bakin layi, wadda ba za ka so ka ɗora Hajiya a kai na awa biyu ba. Idan kujera shida a jere ta gagara, ka raba uku-uku ko biyu-biyu a wuri mai kyau. Ya fi ku haɗu duka a bayan ginshiƙi. Tsofaffin gidajen nan matakala ce da su da yawa, don haka in akwai mai ciwon gwiwa ka nemi ƙasa. Za ka ji labarin rumfar da ke dandalin Madeleine inda ake sayar da tikitin ranar da rangwame har zuwa rabi. Tana da amfani ga mutum ɗaya ko biyu da ba su damu da abin da za su samu ba. Mai jagorantar mutum shida har da shugabansa ba ya dogara da sa'ar rana.

Game da daren da aka zaɓa, ina da ja. Daren ƙarshe shi ne daren haɗa kaya da sayayyar da aka jinkirta, kuma in jirginku na safe ne kowa hankalinsa na kan agogo. Ka nemi a mayar da shi daren da ke gabansa. Ka duba kada ya faɗo Litinin, domin gidajen wasa da yawa a ranar suke hutu. Yawancin wasanni tsakanin 7:30 ne da 8:30 na dare, a tikiti za ka ga an rubuta 19h30 ko 20h30. A gidan opera idan aka rufe ƙofa, wanda ya makara sai ya jira hutun tsakiya, ba roƙo ba magiya, kuma ana binciken jaka a bakin shiga, babbar jaka ma ba a karɓa. Ka faɗa wa mutanenka lokacin da ya riga na gaskiya da minti 45. Yajin aiki kan sa a soke wasa a gidajen gwamnati, wani lokaci a ranar ma, don haka ka riƙa duba saƙonninka, ka kuma ajiye wani abu na biyu a zuciya, ko da yawon jirgin ruwa ne a kogin Seine, wanda ba ya buƙatar dogon shiri. Jirgin metro na ƙarƙashin ƙasa yana daina aiki wajen ƙarfe ɗaya na dare, Juma'a da Asabar wajen biyu, to wasan da aka fara da wuri ba zai hana ku komawa ba. A gidajen wasa masu zaman kansu akan ba wadda ta raka ku kujera yuro ɗaya ko biyu, domin wasunsu da wannan ake biyansu. A na gwamnati an hana. Za ka ga sanarwa a bango.

Saura mutanen, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. An ce ka nemo, ba a ce ka yanke hukunci kai kaɗai ka ɗauki laifin kai kaɗai ba. Ka tace zaɓi biyu, kowanne da layi biyu na bayani: mene ne, tsawonsa, kuɗinsa, da irin shigar masu wasan, a faɗe a sarari ba kwana-kwana. Ka haɗa da bidiyon kowanne ka tura wa shugabanku, ka ce ranka ya daɗe ga abin da na samo, wanne ka fi so. Daga lokacin da ya nuna ɗaya, zaɓin ya zama nasa. Hajiya kuma ka same ta ita kaɗai kafin nan, ka nuna mata, domin a gaban mutane za ta iya cewa duk abin da aka zaɓa daidai ne alhali ba haka ba ne a ranta. In ta ce ita dai a bar ta ta huta a masauki, kada ka matsa, kuma kada ka ɗauka ka gaza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi kuwa abokin aikin naka, kada ka yi musu da shi a gaban jama'a, kada kuma ka yi masa wa'azi, ba shi aka tambaye ka ba. Ka ce masa a keɓe ka duba wasan ka ga bai dace da fitar ofis ba, in yana so ya je nasa daren da kuɗinsa. Idan ya sake tayar da maganar a gaban shugaba, ka faɗi abin da ke cikin wasan da jimla ɗaya, cikin ladabi, ka yi shiru. Masu son hoto a gaban jan injin niƙan da ke saman ginin Moulin Rouge, wannan kyauta ne: tashar metro ta Blanche a bakin ƙofarsa take, a fito a ɗauka a koma. Sai dai unguwar Pigalle ce, layin cike yake da shagunan batsa da masu tsayawa a ƙofa suna kiran masu wucewa su shigo kallo. Kada kowa ya bi su, domin irin waɗannan mashaya an san su da kawo wa baƙo lissafin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Idan da Hajiya za a je ɗaukar hoton, a je da rana.

Tikitin Garnier na ƙarewa makonni kafin ranar, musamman ga mai neman kujeru da yawa, saboda haka ka tura wa shugabanku zaɓin biyun a cikin makon nan.

Antinka